Kamun kifin shak daga gaɓar teku: yadda ake yin sa, dokokinsa, da gurbin yara a cikinsa

A ranar 14 ga Yunin 1964, wani magini mai suna Walter Maxwell ya tsaya a kan gadar kamun kifi ta Cherry Grove da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, ya yi sa'o'i yana ja-in-ja da wani kifin shak mai zanen damisa. Da aka ɗora kifin a sikeli, nauyinsa ya kai fam 1,780, wato kimanin kilo 807. Labarin ya shahara ne saboda mutumin bai shiga jirgin ruwa ba, daga tudu ya jefa ƙugiyarsa. Yau irin wannan kifi, in an kama shi a ruwan jihar Fulorida, doka ta hana a fitar da shi daga ruwa ko da don ɗaukar hoto ne.

Tsakanin wancan zamani da yanzu, kamun shak daga bakin teku ya zama abin muhawara tsakanin masu fatsa, masana kimiyyar teku, masu otal-otal da hukumomi. A gefe guda kuma, hukumomin da ke tsaurara dokokin su ne ke kashe kuɗi wajen jawo yara ƙanana su koyi fatsa, kuma akwai dalilin kuɗi a bayan hakan.

Me ake nufi da kamun shak daga gaɓa?

Kamun kifi ne na nishaɗi, da sanda da igiya da ƙugiya, wanda mai yin sa ke tsaye a kan rairayin teku ko a kan gada ko duwatsun bakin ruwa. An fi sanin sa a jihohin Fulorida, Teksas da Karolina biyu a Amurka, sai Ostireliya, Afirka ta Kudu da Namibiya. A Namibiya, masu yawon buɗe ido na biyan 'yan rakiya su kai su gaɓar da ke kusa da Swakopmund da Henties Bay don kama wani shak mai launin tagulla, su sake shi.

Ga wanda ya taso yana ganin su a matsayin sana'a, wannan sakin shi ne abin mamaki. Ko a Argungu, inda kamun kifi ya zama gasa da biki tun 1934, giwan ruwan da ya ci gasa ba ya komawa kogi. A nan kuwa mafi yawan manyan kifayen da ake kamawa ana mayar da su teku, wani lokaci don doka ta tilasta, wani lokaci don mai kamun ba nama yake nema ba. Abin da yake nema shi ne kokawar, da hoton da zai ɗora a Instagram ko YouTube.

Hanyoyin kamun iri biyu ne. Akwai mai jefa igiya daga inda yake tsaye, wanda galibi yake samun ƙananan shak masu tsawon mita ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma mai neman manya, wanda ke maƙala ƙaton yankin kifi a ƙugiya, ya ɗauka a ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, ya tuƙa ɗaruruwan mitoci ya wuce inda taguwar ruwa ke fashewa, ya saki, ya dawo tudu ya jira. Wasu yanzu da ƙaramin jirgi maras matuƙi suke kai ƙugiyar. Kusa da ƙugiyar ana sa wayar ƙarfe maimakon igiya, domin haƙoran shak na yanke igiya nan take. Yawanci da almuru ko cikin dare ake yi, lokacin da kifayen ke matsowa gaɓa neman abinci kuma masu wanka sun watse.

Masu yin sa na da wata hujja da ba a cika ba ta muhimmanci ba. Hayar jirgin kamun kifi a teku tana da tsada, mallakarsa kuwa sai mai hali. Rairayin teku shi ne wuri ɗaya da lebura ko ɗalibi zai iya gwada ƙarfinsa da kifi mai nauyin kilo ɗari biyu. Shi ya sa duk lokacin da aka kawo batun hanawa, sukan ce talaka ake son kora, a bar mai jirgi ya ci gaba da abin da yake yi can nesa da idon jama'a.

Yadda fim ya canza lissafi

An daɗe ana kama shak don wasa kafin 1975, amma a shekarar ne fim ɗin Jaws na Steven Spielberg ya fito, wanda aka gina a kan littafin Peter Benchley na 1974. Bayan fitowarsa gasannin kashe shak sun yawaita a gabashin Amurka, ana rataye gawarwakin a tashar jiragen ruwa ana ɗaukar hoto, sau da yawa kuma a zubar da naman. Benchley ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare kifin da littafinsa ya sa aka tsana. Spielberg ma, a wata hira da BBC a ƙarshen 2022, ya nuna nadamarsa kan ɓarnar da aka yi wa shak bayan fim ɗin.

Me ya sa shak ba kamar sauran kifaye ba ne?

Tarwaɗa ko karfasa na zuba ƙwai masu yawan gaske, su girma cikin watanni. Manyan nau'o'in shak da dama sai sun haura shekara goma kafin su fara haihuwa, cikinsu yakan kai kusan shekara, 'ya'yan ba su da yawa, wasu kuma sai bayan shekara biyu suke sake ɗaukar ciki. Don haka kashe babbar mace guda asara ce da ke ɗaukar shekaru kafin a mayar. A 2006 an kama wata babbar shak mai kan guduma a Boca Grande da ke Fulorida, daga cikin jirgi, nauyinta fam 1,280, aka rubuta ta a matsayin tarihin da ba a taɓa kafawa ba. Da masana suka buɗe cikinta sai suka tarar da 'ya'ya 55.

Alƙaluman duniya ba su da daɗin ji. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2021 ya nuna cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin ɗari tun daga 1970. A shekarar dai, wani nazari da aka yi wa Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in shak da danginsa na fuskantar barazanar ƙarewa. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce ana kashe kimanin miliyan 100 duk shekara.

Adalci ne a faɗi cewa ba mai sanda a bakin teku ne ya jawo wannan ba. Manyan jiragen kamun kifi na kasuwanci, masu shimfiɗa igiya mai dubban ƙugiyoyi da manyan taruna, da cinikin fukafukin shak da ake miya da su a kasuwannin Asiya, su ne ke ɗauke da mafi girman alhakin. Saboda cinikin ne taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 ya sanya gomman nau'o'in shak cikin jerin waɗanda ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, kuma a Disamban shekarar Amurka ta haramta sayar da fukafukin shak a cikin ƙasarta. Amma wannan bai wanke mai fatsar gaɓa gaba ɗaya ba, domin wuraren da yake jefa ƙugiya su ne ruwa maras zurfi da manyan mata ke bi, inda kuma wasu nau'o'in ke haihuwa.

Sakin kifi ba ya nufin ya rayu

Nan ne ainihin matsalar take. Kifin da ya yi sa'a guda yana fama da igiya, jininsa kan cika da sinadarin gajiya, irin wanda ke sa ƙafar mai gudu ta riƙe. Yana iya iyo ya tafi a gaban idon wanda ya sake shi, ya mutu bayan sa'o'i a inda ba wanda zai gani, ko kuma ruwa ya dawo da gawarsa gaɓa washegari.

Masu bincike na Jami'ar Miyami, ƙarƙashin Austin Gallagher, sun wallafa wani nazari a 2014 inda suka kwatanta nau'o'in shak biyar bayan an kama su an sake su. Mai zanen damisa da wanda ake wa laƙabi da lemo sun fi juriya. Babban mai kan guduma shi ne ya fi kowa galabaita, ko da kuwa kokawar ba ta daɗe ba. Ba daga gaɓa aka kama kifayen binciken ba, amma abin da ya nuna game da jikin kifin ya shafi kowace irin fatsa. Abin takaici, wannan nau'in shi ne wanda masu neman suna suka fi kwaɗayi, saboda girmansa da siffar kansa da ke kyau a hoto, kuma tun 2019 IUCN ta sanya shi a matakin haɗari mafi tsanani kafin ɓacewa.

Jawo kifin kan rairayi yana ƙara dagula lamarin. Nau'o'i da dama, har da mai kan guduma, sai suna tafiya ruwa na ratsa kafofin numfashinsu suke samun iska. Jikin shak kuma guringuntsi ne ba ƙashi ba, babu haƙarƙarin da zai tare kayan cikinsa, don haka in ya bar ruwa nauyinsa ne ke danne su. Wanda ya ja shi ta wutsiya, ya hau bayansa, ya ɗaga hancinsa don haƙora su fito a hoto, yana iya cewa ya sake shi da rai, amma mintunan da ya ɓata wajen ɗaukar hoton na iya zama ajalin kifin.

Dokar Fulorida ta 2019

Bayan shekaru ana kai ƙorafi, da hotunan gawarwakin shak a rairayi, da wani bidiyo na 2017 da ya nuna wasu samari na jan shak a bayan jirgi mai gudu har aka gurfanar da su kan zaluntar dabba, Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Fulorida ta fito da sababbin ƙa'idoji da suka fara aiki ranar 1 ga Yulin 2019.

Duk wanda ya kai shekara 16 kuma yake son kama shak daga gaɓa sai ya yi wani ɗan kwas ta intanet ya karɓi takardar izini. Kyauta ce, amma duk shekara ake sabunta ta, kuma har tsofaffin da aka ɗauke wa lasisin kamun kifi sai sun karɓa. An hana zuba jini da kayan cikin kifi a ruwan gaɓa don jawo shak. Wajibi ne a yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar da'ira, wadda ke kama gefen baki maimakon a haɗiye ta, kuma ta kasance ta ƙarfe mai yin tsatsa, domin in aka bar ta a bakin kifin ta lalace ta faɗi. Dole mai kamun ya riƙe abin yanke waya ko ƙugiya a kusa da shi. Nau'o'in da aka haramta ɗauka, irin su mai kan guduma, mai zanen damisa, lemo da babban farin shak, ba a fitar da su daga ruwa, kafofin numfashinsu su kasance a nutse, kuma a sake su ba tare da jinkiri ba. Waɗanda aka yarda a ɗauka kuwa, mutum ɗaya kifi ɗaya a rana, kuma ga wasu nau'o'in sai tsawonsa ya kai inci 54.

Dokar ba ta gamsar da kowa ba. Masu fafutukar kare muhalli sun so a hana kai ƙugiya nesa da kwalekwale, tunda ta nan ake samun manyan kifayen da ke mutuwa. Wasu garuruwan gaɓa, masu dogaro da baƙi 'yan hutu, sun so a kori masu fatsar daga wuraren wanka gaba ɗaya, sai dai ikon tsara kamun kifi yana hannun hukumar jiha, ƙaramar hukuma kuwa sai ta fake da tsaron lafiyar jama'a. Akwai kuma giɓin iyaka: ikon jihar ya tsaya a mil uku na teku a ɓangaren Atlantika, mil tara a ɓangaren Tekun Meksiko, bayan nan dokar tarayya ce ke aiki, kuma jerin nau'o'in da ta haramta bai zo daidai da na jihar ba. Kifin kuwa bai san inda layin yake ba. Babbar tambayar da ta rage ita ce ta aiwatarwa, domin gaɓar Fulorida ta fi mil dubu, kamun kuma da dare ake yi.

Game da tsoron masu wanka, cibiyar da ke tattara bayanan cizon shak na duniya tana Gidan Tarihin Halittu na Jami'ar Fulorida. A 2023 ta rubuta cizo 69 da shak ya kai ba tare da an tsokane shi ba a duniya baki ɗaya, goma daga ciki suka zama ajali. Cizon da mai fatsa ke samu wajen cire ƙugiya daban take lissafa shi, a rukunin wanda mutum ya jawo wa kansa. Daga cikin shawarwarinta ga masu wanka akwai guje wa wurin da ake kamun kifi.

Me ya sa hukumomi ke zawarcin yara?

Amsar tana cikin yadda ake samun kuɗin kula da kifaye a Amurka. Hukumomin jihohi sun dogara sosai da kuɗin lasisi da kuma wani haraji na kashi 10 cikin ɗari a kan kayan fatsa, wanda dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta kafa. Gwamnatin tarayya ce ke tara harajin, ta raba wa jihohi bisa wani ma'auni: kashi 40 bisa girman jiha, kashi 60 bisa yawan masu lasisin da suka biya. Jihar da masu fatsarta suka ragu, kasonta ya ragu. Yaron da aka koya wa riƙe sanda yana da shekara bakwai, ana sa ran shi ne zai sayi lasisi yana da shekara ashirin.

Shi ya sa a Fulorida ɗan ƙasa da shekara 16 ba ya buƙatar lasisi, kuma hukumar ta daɗe tana shirya wa yara 'yan shekara 5 zuwa 15 tarukan koyon fatsa kyauta. Shi ya sa kuma aka kafa gidauniyar da ke gudanar da gangamin Take Me Fishing a 1998, da kuɗin wannan haraji. A Ingila ma yaro ɗan ƙasa da 13 ba ya buƙatar lasisin fatsa a koguna, na 'yan 13 zuwa 16 kuma kyauta ne.

Tsarin yana da amfani, domin da kuɗin ake gyara koguna da biyan masu bincike. Yana da aibi kuma: hukumar da aka ɗora wa kare kifi, abincinta na fitowa ne daga aljihun masu kama shi, don haka ba ta son ɓata musu rai. Wanda ya duba yadda dokar 2019 ta tsaya a tsaka-tsaki, izini kyauta ba hani ba, zai ga alamar hakan.

Gurbin yaro a bakin teku

Dokar Fulorida ta ce ɗan ƙasa da 16 zai iya kamun shak tare da babban da ke da izini, in kuma shi kaɗai ne sai ya yi kwas ɗin. Halaccin doka daban, dacewa daban. Babban shak ba wurin fara koyo ba ne. Ana iya kwana ana jira ba a samu ko taɓi ba, abin da ke kashe wa yaro sha'awa. In kuma kifin ya ci, jan da yake yi ya isa ya kayar da ƙato, balle yaron da aka ɗaure wa sanda a ƙugu. Shak na iya lanƙwasa jikinsa har bakinsa ya kusa kai wutsiyarsa, fatarsa na kankare hannu kamar sanfefa, bugun wutsiyarsa kuma ya isa ya jikkata babba. Ga duhu, ga igiyar ruwa mai jan mutum zuwa cikin teku.

Masu koyar da yara sun fi karkata ga farawa da ƙananan kifaye masu yawan ci, da rana, a wuri mai kwanciyar ruwa, da gajeriyar sanda maras nauyi, a kuma tashi tun yaron bai gaji ba. Ana danne ƙayar ƙugiya da filaya domin ta fita da sauƙi daga bakin kifi, ko daga yatsan yaro in tsautsayi ya faɗa. Tabarau na kare ido daga ƙugiyar da ta dawo da ƙarfi, rigar iyo kuma wajibi ce a kan gada ko duwatsu. Dalmar da ake sa wa igiya don ta nutse guba ce, ba a barin yaro ya sa ta a baki, kuma a wanke hannu kafin cin abinci. Tun daga kifin farko ake koya masa jiƙa hannu kafin ya taɓa, da mayar da shi ruwa cikin hanzari.

In iyali na zuwa kamun shak, akwai aikin da ya dace da yaro ba tare da ya kusanci kan kifin ba. Zai iya kamo ƙananan kifayen da za a maƙala a ƙugiya, ya riƙe fitila daga tudu, ya duba agogo ya sanar da manya mintunan da kifin ya yi a hannu, ya rubuta tsawo da jinsi. Wannan rubutun ba wasa ba ne. Shirin haɗin gwiwa na maƙala wa shak lamba da hukumar kula da teku ta Amurka ke gudanarwa tun 1962, da makamancinsa da Cibiyar Binciken Teku ta Durban ta fara a Afirka ta Kudu a 1984, sun dogara ne da masu fatsar sa-kai, kuma da bayanansu aka gano hanyoyin ƙaurar nau'o'i da dama. Yaron da ya ƙware zai iya gwada ƙananan nau'o'in da ba su cika wuce mita ɗaya ba, babba ne dai zai cire ƙugiyar.

Sai batun cin naman. Shak na saman jerin masu cin 'yan'uwansu kifaye kuma yana daɗewa a raye, don haka sinadarin makuri na taruwa a jikinsa, wanda ke cutar da ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka da Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar sun sanya shi cikin kifayen da yara, masu juna biyu da masu shayarwa za su guje wa gaba ɗaya, ko da kuwa nau'in da doka ta yarda a ɗauka ne.